Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Nazarin Teku ta UNESCO Kan Awon Kabon a Cikin Teku

Zuwa ga shugabanni da wakilan ƙasashe a Hukumar Gwamnatoci ta Nazarin Teku da ke ƙarƙashin UNESCO, a birnin Paris.

Masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto muku wannan wasiƙa ne a kan aiki guda ɗaya daga cikin ayyukan da aka ɗora wa hukumarku, wato awon kabon da teku ke shanyewa, da bin diddigin inda yake tafiya bayan ya shiga ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon dayoksaid da ɗan'adam ke fitarwa kowace shekara teku ne ke ɗauke ta, abin da ya kai kimanin tan biliyan 10 a shekara, kuma shi ne ya haɗiye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ta tara a duniya. Duk lissafin da ake yi tun bayan Yarjejeniyar Paris ta 2015, na yawan hayaƙin da ya rage a iya fitarwa kafin a ƙetare iyakar ɗumamar da aka shata, ya jingina ne a kan zaton cewa teku zai ci gaba da wannan ɗawainiya kamar yadda ya saba. Damuwata ita ce, awon da zai tabbatar mana da hakan, ko ya gargaɗe mu idan lamarin ya fara sauyawa, yana rataye ne a kan tallafin bincike na shekara uku ko biyar, da kuma sadaukarwar masana ƙalilan waɗanda ke yin sa a matsayin ƙari kan aikinsu.

A shekarar 1957 Roger Revelle da Hans Suess suka wallafa binciken da ya nuna cewa ruwan teku ba ya karɓar iskar kabon da sauƙin da aka yi zato, domin sinadaran cikinsa suna turjewa, kuma kowane ƙari da ya shiga yana rage wa ruwan ƙarfin karɓar wanda zai biyo baya. Shekara ɗaya bayan haka Charles David Keeling ya fara awon iskar a dutsen Mauna Loa na Hawaii, inda ya same ta kusan kashi 315 cikin miliyan, yau kuwa ta haura 420. Awon sararin sama ya yi tasiri da tashoshi kaɗan ne saboda iska tana gauraya a faɗin duniya cikin shekara ɗaya ko makamancin haka, don haka abin da aka gani a kan dutse guda a tsakiyar Fasifik yana ba da labarin duniya baki ɗaya. Lamarin teku ya sha bamban. Ruwan da ya nutse a arewacin Atlantika zai iya shafe ɗaruruwan shekaru, har zuwa dubu, kafin ya sake haɗuwa da iska, kuma wani yanki na teku yana shan kabon a lokacin da wani yanki ke fitar da shi. Wanda ke son sanin jimillar dole ya auna wurare da yawa, a kowane yanayi na shekara, tun daga saman ruwa har ƙasa, ya kuma maimaita shekara da shekaru ba tare da yankewa ba.

Ina so ku dubi yadda ake samun lamba guda ɗaya daga cikin waɗanda ke isowa teburinku a rahotanni, domin na tsaya a kan jirgin bincike na ɗebi irin wannan ruwa da hannuna. Jirgi yakan tsaya cik a tsakiyar teku, a zura wani keji na ƙarfe mai ɗauke da tuluna 24 ko 36 da igiyar waya zuwa zurfin mita 4,000 ko fiye, tafiyar da kan ci sa'o'i uku zuwa huɗu sauka da hawa, ana rufe kowane tulu a zurfin da aka zaɓa. Idan kejin ya hau, masu ɗiba sukan kewaye shi bisa tsari, masu awon iskar oksijin su riga masu kabon, domin da zarar an buɗe tulu iskar waje ta fara shiga. Mai ɗibar kabon yakan zura siririn tiyo har gindin kwalbar gilashi, ya bar ruwan ya cika ya yi ta ambaliya, idonsa a kan bangon kwalbar kada ko ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale, sannan ya ɗiga maganin da zai kashe duk wata halitta da ke ciki don kada numfashinta ya sauya lissafi, ya shafa wa murfin maiƙo ya toshe. Sau da yawa da tsakar dare ake yin haka, jirgi na tangaɗi, yatsu sun ƙage da sanyi. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, ƙarin kabon da ake nema a saman teku bai wuce kashi ɗaya cikin 2,000 na wanda ke cikin ruwan ba a kowace shekara, saboda haka kuskure ɗan ƙanƙani ya isa ya shafe sauyin shekaru da dama.

A nan ne wani rauni yake wanda ya kamata ya hana ku barci. Domin awon da aka yi a jirgin Japan ya yi daidai da wanda aka yi a jirgin Jamus shekaru 20 baya, kowane ɗakin gwaji yana gwada na'urarsa ne da kwalaben ruwan teku na musamman waɗanda aka riga aka tantance yawan kabon da ke cikinsu. Tun farkon shekarun 1990, kusan duk waɗannan kwalabe daga wuri ɗaya suke fitowa, ɗakin gwajin Farfesa Andrew Dickson a Cibiyar Scripps da ke Kaliforniya, kuma duniyar kimiyya na bin wannan ɗaki bashin godiya mai yawa. Amma da annobar korona ta tsayar da aiki a 2020, kwalaben suka yi ƙaranci, ɗakunan gwaji a nahiyoyi daban-daban suka koma tsimin abin da ya rage musu. Ma'aunin da duniya ke dogaro da shi wajen sanin makomar kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙinta bai dace ya tsaya a kan ɗaki guda da tallafin ƙasa guda ba. Kafa cibiyoyi biyu ko uku a wasu nahiyoyi, waɗanda za su riƙa haɗa irin waɗannan kwalabe suna kwatanta su da juna, aiki ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin tafiyar jirgin bincike ta wata guda, kuma hukumarku ce ta fi cancantar ta haɗa ƙasashe a kansa.

Wannan wahala ta haifar da sakamako da ba a jayayya a kansa. Daga tafiye-tafiyen jiragen bincike na shekarun 1990, Christopher Sabine da abokan aikinsa suka lissafa a 2004 cewa teku ya tara kimanin tan biliyan 118 na kabon ɗin ɗan'adam tsakanin 1800 da 1994. Da aka sake bin waɗannan hanyoyi, Nicolas Gruber da nasa abokan aikin suka nuna a 2019 cewa an ƙara tan biliyan 34 tsakanin 1994 da 2007 kaɗai. Tashar ALOHA da ke arewa da tsibirin Oahu da takwararta ta kusa da Bamuda, waɗanda aka fara ziyarta kusan kowane wata tun 1988, sun nuna kabon na hawa a saman ruwa kafaɗa da kafaɗa da na sararin sama, ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, kuma yana sauka. Daga kusan 8.2 kafin zamanin masana'antu ya dawo kusan 8.1, wanda a ido ƙaramin abu ne, amma yana nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin 100. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan karon an san dalilin, an ma ga illarsa: a 2007 da 2008 'ya'yan kawa suka yi ta mutuwa a wuraren ƙyanƙyasa na gaɓar jihar Oregon ta Amurka, saboda ruwan da ke tasowa daga ƙasa ya yi tsamin da ya hana su gina ɓawonsu, kuma sai da masu kiwon suka fara auna sinadaran ruwan kafin su shigar da shi sannan suka shawo kan asarar.

Inda aka fi buƙatar awo kuwa nan ne aka fi ƙarancinsa. Tekun Kudu da ya kewaye Antatika shi ke ɗaukar kusan kashi 40 cikin 100 na kabon ɗin ɗan'adam da ke shiga teku. A 2007 wani bincike da Corinne Le Quéré ta jagoranta ya nuna cewa ƙarfinsa na shan kabon ya daina ƙaruwa, saboda iska mai ƙarfi tana tono tsohon ruwa mai cike da kabon daga ƙasa. A 2015 Peter Landschützer da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarfin ya farfaɗo tun farkon shekarun 2000. Duka binciken biyu sun yi gaskiya a kan zamanin da suka duba, kuma darasin da ke ciki shi ne wannan yanki yana juyawa daga shekaru goma zuwa goma fiye da yadda aka zata. Matsalar ita ce jirage ba su cika shiga can da hunturu ba, lokacin duhu da guguwa da ƙanƙara. Da shirin SOCCOM, wanda aka fara a 2014, ya saki na'urori masu shawagi da ke aiki har ƙarƙashin ƙanƙara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cewa yankin yana fitar da kabon da hunturu fiye da yadda awon jirage ya nuna. Bayan shekaru uku, awon da aka yi da jiragen sama a saman yankin ya nuna cewa har yanzu mashayin kabon ne mai ƙarfi. Muhawara ce ta gaskiya tsakanin masana masu gaskiya, kuma babu abin da zai raba gardamar sai ƙarin awo a lokacin hunturu. An riga an nuna cewa mai yiwuwa ne, tun da a 2019 wani ƙaramin jirgin ruwa marar matuƙi na kamfanin Saildrone ya kewaye Antatika cikin kwana 196 yana auna kabon a hanya.

A daidai lokacin da ake buƙatar ƙari, sai ga shi ana samun ragi. Kundin SOCAT, wanda ke tattara awon kabon na saman teku daga jiragen bincike da na dakon kaya da na'urorin da aka kafe, shi ne tushen ƙiyasin shekara-shekara da ake bugawa a Kasafin Kabon na Duniya, kuma masu kula da shi sun sha bayyana cewa yawan awon da ke shigowa ya ragu tun daga 2017. Masana ne ke tace bayanan da kansu, yawancinsu ba tare da an ware musu kuɗin wannan aiki ba. Sannan hanyoyi biyu da ake bi wajen ƙiyasta abin da teku ke sha, ta awo kai tsaye da ta kwaikwayon kwamfuta, sun yi ta nisantar juna a shekarun baya-bayan nan, ta awo na nuna ƙaruwa mai sauri fiye da ta kwamfuta. Wani ɓangare na saɓanin yana iya kasancewa daga giɓin awon ne kansa, domin idan bayanai suka yi ƙaranci sai lissafi ya cike gurbin da zato. Kun kuma san abin da ya faru da jerin na'urorin awon teku na TAO da aka kafe a tsakiyar Fasifik bayan 2012, lokacin da aka janye jirgin da ke kula da su, bayanan da ke shigowa suka faɗi ƙasa da rabi cikin shekaru biyu. An gyara na'urorin daga baya, amma watannin da ba a auna ba sun tafi ke nan, domin ba a komawa baya a auna ruwan bara.

Akwai kuma ɓangaren da halittu ke takawa, wanda a ganina shi ne mafi ban mamaki kuma mafi ƙarancin fahimta. Ƙananan tsirrai masu shawagi a saman teku, waɗanda ido ba ya gani, suna yin kusan rabin duk aikin sarrafa hasken rana da tsirran duniya ke yi, suna kama kimanin tan biliyan 50 na kabon a shekara. Mafi yawansa ana cinye shi a mayar da shi iska tun a saman ruwa, amma wani kaso yana nutsewa a matsayin matattun ƙwayoyi da kashin ƙananan dabbobi da dunƙulen yauƙi da ke sauka a hankali kamar ɓurɓushi. Ƙiyasin abin da ke ficewa daga saman ruwa ya kama daga tan biliyan 5 zuwa 12 a shekara, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ta kai kusan kashi biyu cikin uku na tsantsar kabon da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal da gas a shekara guda. Tsakanin zurfin mita 200 da 1,000, inda haske ke dusashewa, ƙwayoyin cuta da ƙananan dabbobi suna cinye yawancin abin da ke saukowa, kuma zurfin da aka cinye shi ne ke yanke hukuncin tsawon lokacin da kabon zai ɓuya: na kusa da sama ya dawo cikin shekaru kaɗan, wanda ya wuce mita 1,000 ya shafe ƙarnuka. Kowane dare kuma tarin ƙananan kifaye da sauran halittu suna haurowa daga wannan duhu su ci abinci a sama, su koma ƙasa kafin gari ya waye da kabon a cikinsu. Ba don wannan famfo na halittu da ke tura kabon ƙasan teku ba, da iskar kabon a sararin sama ta fi yadda take da kusan kashi 200 cikin miliyan. Ruwa yana ɗumi, saman teku yana ƙin gauraya da ƙasansa, iskar oksijin ta ragu da kusan kashi 2 cikin 100 tun 1960, kuma har yau kwaikwayon kwamfuta bai yi ittifaƙi kan girman sauyin da wannan famfo zai yi ba. Tauraron ɗan'adam na PACE da aka harba a Fabrairun 2024 yana iya bambance nau'o'in tsirran daga launin ruwa, ci gaba ne babba, sai dai tauraro fatar teku kawai yake gani.

Na tsawaita a kan wannan ne saboda kasuwa ta riga kimiyya isa wurin. A 1988 John Martin ya faɗi maganarsa da ta shahara, cewa a ba shi rabin jirgin dakon ƙarfe shi kuma ya ba duniya zamanin ƙanƙara, yana nufin zuba sinadarin ƙarfe a yankunan da ke ƙarancinsa zai sa tsirran su yi yabanya su janye kabon. An yi gwaje-gwaje fiye da goma tun daga na farko kusa da tsibiran Galapagos a 1993. Tsirran sun yi yabanya kusan a ko'ina, amma abin da ya nutse ya bambanta ƙwarai: a gwajin EIFEX na 2004 kaso mai yawa ya sauka zurfi, a gwajin LOHAFEX na Indiya da Jamus a 2009 kuwa ƙananan dabbobi suka cinye yawancinsa tun a sama. Duk da haka a 2012 aka zuba kimanin tan 100 na sinadarin ƙarfe a ruwan da ke yamma da Kanada da fatan sayar da takardun rage hayaƙi, waɗanda masu fitar da hayaƙi ke saya a madadin rage nasu, lamarin da ya taimaka wajen yi wa Yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku gyara a 2013 don taƙaita irin wannan aiki. Yau ana gwada wasu hanyoyin, kamar zuba sinadaran da ke rage tsamin ruwa da nutsar da ciyawar teku, kuma tuni wasu ke sayar da takardun. Ba na adawa da bincike a kansu, ina ma ganin wajibi ne a yi shi a fili kuma bisa ƙa'ida. Amma sayar da tan guda na kabon da ba a iya bambance shi da hawa da saukar da teku ke yi da kansa ba, cinikin biri ne a sama, kuma wanda ya saya zai fitar da hayaƙi na gaske a madadin ragin da babu mai iya tabbatarwa.

Masu girma, rahoton da hukumarku ta fitar a 2020 kan halin da kimiyyar teku ke ciki ya nuna cewa a matsakaici ƙasashe kashi 1.7 cikin 100 na kasafin bincikensu suke ware wa teku. Mun kuma wuce tsakiyar Shekaru Goma na Kimiyyar Teku, daga 2021 zuwa 2030, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta danƙa muku jagorancinsu. Roƙona na farko shi ne ku matsa wa ƙasashe lamba su ɗauki awon kabon na teku kamar yadda suka ɗauki awon yanayi na yau da kullum, wanda hukumomi na dindindin ke yi da kasafi na dindindin, ba tare da an nemi mai auna ruwan sama ya rubuta sabuwar takardar neman tallafi duk bayan shekara uku ba. Shirin Sa Ido Kan Iskar Gas Mai Ɗumama Duniya da Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da shi a 2023 ƙofa ce a buɗe, muddin aka ba teku cikakken matsayi a cikinsa tun daga farko.

Shirin Argo ya nuna abin da haɗin kai ke iya yi. Na'urori kusan 4,000 ne ke yawo a teku, kowace tana nutsewa zuwa mita 2,000 ta hauro duk kwana goma ta aika bayananta ta tauraron ɗan'adam, kuma kowa na iya sauke bayanan kyauta. Burin samun guda 1,000 masu auna pH da oksijin da sinadaran gina jiki bai cika ba, kuma da yake kowace na'ura shekaru huɗu zuwa biyar take yi, sai an riƙa sakin sababbi kusan 250 a shekara kafin adadin ya ɗore. Kusan rabin nauyin Argo ƙasa ɗaya ce, Amurka, ke ɗauke da shi, kuma hikima ta nuna a raba wannan kaya tun kafin mai ɗaukarsa ya gaji. A kuma tuna cewa na'urorin ba su maye gurbin jirage ba, domin daga pH ake lissafo kabon ɗinsu, kuma da ruwan kwalba ake gyara musu sahu idan sun kauce.

Abu na gaba ya fi kusa da ikonku fiye da kowa. Dokar Teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa haƙƙin ba da izini kafin a yi bincike a ruwanta har nisan mil 200 daga gaɓa, haƙƙi ne kuma da ya dace a mutunta, amma sakamakonsa shi ne jiragen dakon kaya masu ɗauke da na'urar awo sukan kashe ta idan sun shiga irin wannan ruwa, alhali yankunan gaɓa na daga cikin wuraren da kabon ya fi hawa da sauka. Hukumarku ta taɓa samar da tsarin sanarwa ga na'urorin Argo da ke kutsawa ruwan ƙasashe, don haka tana da ƙwarewar da za ta samar da makamancinsa ga awon kabon na saman teku. Ƙasashe za su fi saurin amincewa idan masanansu na cikin aikin a matsayin abokan tarayya, suna da na'urori da kwalaben tantancewa da ɗakunan gwaji nasu, musamman a gaɓoɓin Tekun Indiya da kudancin Atlantika da kudancin Fasifik inda taswirar awo ta fi zama fayau. Horon mako biyu da ake kammalawa a sallami mutum ya koma ɗakin gwajin da babu na'ura ba ya haifar da ko lamba ɗaya a kundi.

Ina roƙon a sanya waɗannan batutuwa a ajandar babban taronku mai zuwa, kuma daga nan hukumar ta riƙa wallafa wa duniya, kowace shekara, taswirar wuraren da aka auna kabon da waɗanda ba a auna ba, wata bayan wata, tare da sunayen ƙasashen da suka ɗauki nauyin kowane layin jirgi da kowace tasha, da kuma shekarar da kuɗin kowannensu zai ƙare.

Na gode da lokacinku, ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai nazarin sinadaran ruwan teku